Dutsen Mindif da shirun Lucie

Malama Karimatu, don Allah ki taimake ni, raina a ɓace yake. Ni ɗaliba ce a lise, wato sakandare, a nan Garwa. Tun ina ƙarama nake tara duwatsu, har Mama na cewa na mai da ƙarƙashin gado bakin kogi. A hutun bara mun je Mindif da aminiyata Lucie, na tsinci wani baƙin dutse a gefen gona, mai nauyi, kuma maganaɗisu na kama shi. Na tabbata irin ƙarfen nan ne da ke faɗowa daga sama, wanda ake kira météorite a aji. Na naɗe shi a ɗankwalina, ba wanda ban nuna wa ba. Lucie ma ta riƙe shi ta yi murmushi.

Ranar da na gabatar da shi a kulob ɗin kimiyya, sai ga Lucie ta ɗaga hannu. Wai kashin maƙera ne, dattin da ke saura in an narka tama, wai kakanninta maƙera ne, irinsa jibge yake a bayan ƙauyensu. Aka kwashe da dariya. Ashe tun ranar farko ta sani, Malama! Yanzu ko gaisuwarta ba na amsawa, kuma ina so in zubar da duwatsun duka a kogin Binuwai.

'Yarki, daga unguwar Djamboutou

'Yata, mutane da yawa sun ɗauka duk baƙin dutsen da maganaɗisu ya kama daga sama ya faɗo. Manya ma suna wannan kuskuren, musamman a yankinmu da aka daɗe ana narka ƙarfe. Kashin maƙera yakan zo da ƙananan ramuka kamar soso, wani gefen yana ƙyalli kamar kwalba. Ƙarfen sama kuwa a cure yake, ya fi nauyi nesa, jikinsa da lotsawa kamar an danna yatsa a tuwo. Tabbaci na ƙarshe sai masana sun gwada.

Lucie ba ta kyauta ba. Maganar da ta dace da kunnenki ke kaɗai, ta kai ta gaban aji. Amma ina zaton murnarki ce ta ɗaure mata baki a Mindif, ranar kulob kuma ta kasa jin an kira aikin kakanninta da wani suna. Faɗa mata abin da ya yi miki ciwo, ki saurare ta.

Kada ki zubar da komai. Ari magagari, ki kira Lucie, ku goge gefe guda tare ku duba cikinsa. In ita ke da gaskiya, ki ware masa wuri da sunan kashin maƙera na Mindif, ta kai ki bayan ƙauyensu ki ga sauran. Allah ya daidaita tsakaninku.

Malama Karimatu