Hoton da Na Ce Sai Baɗi

Zuwa ga Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jikin Malam, ya yara, ya zaman Legas? Ya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan Bunguɗu lafiya lau, sai kewa.

Tun rasuwar Inna kike cewa in aiko miki da hotonta da jikokinta. Yaya, babu shi, kuma laifina ne.

Bara da Ƙaramar Salla mun kai yara wurin wasa a Gusau. Kin san ni da tattali. Na soya cincin, na ƙulla zoɓo a leda, don kada yara su sa ido kan kayan masu talla. Muna zaune gindin darbejiya sai ga mai hoto. Inna ta gyara ɗankwali, ta jawo yara jikinta, ta ce, "Hadiza, a ɗauke mu mana."

Na ce, "Inna, na wurin nan tsada gare shi, bari sai baɗi."

Ta yi murmushi ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Bana na koma da su. Ban ƙulla komai ba, duk abin da suka nuna saya nake yi. Da mai hoto ya jera mu, sai autata Ummi ta ja gefe. Ya ce ta matso. Ta ce, "Nan wurin Inna ne."

Ki gaida Malam da yara. Ki sa Inna a addu'a, ni ma ki roƙa mini sanyin zuciya. Ga hoton nan cikin wasiƙar. Gurbin da za ki gani a tsakiya, ni na bar shi.

Ƙanwarki,
Hadiza