Ku Jira Ni da Baftismar Nahún

Yaya Yesenia,

Wa ya ce miki na ƙi zuwa? Kawu Rigoberto ne ko? Bari dai in gaishe ku kafin bakina ya riga ni. Ya jego? Ya ɗanmu Nahún? Ya ƙafar Mama?

Ni lafiya lau nake a Houston, aikin rufin gidaje sai godiya. Rana tana gasa mu kamar masara, amma kada ki gaya wa Mama.

Yaya, takarduna na zama dindindin suna hannun hukuma. Da kaina na karanta dokar a laburare, ina yi ina duba ƙamus. In na fita daga ƙasar nan ba da izininsu ba, buƙatata ta mutu ke nan. Izinin kuwa na nema, har yau shiru.

Kullum in na hau rufi sai in juya kudu. Sai in ga garinmu Catacamas yana shawagi cikin hucin rana, ga ni da farar riga a coci, Nahún a hannuna, ruwan baftisma yana gangarowa har gwiwar hannuna. Jiya abokin aikina Chepe ya daka mini tsawa: "Kai malamin ƙamus, a kanmu za ka faɗo?"

Ke kika ce ni ne uban baftismarsa. Don Allah ku jira ni, ko da yaron zai shiga cocin da ƙafarsa.

Shi kuma Kawu mai son matsayina, ga shafin dokar nan na haɗo. Ranar Lahadi ya miƙe gaban kowa ya nuna layin da ya ce na manta da ku.

Ƙaninki,
Wilmer