Agarata ta haɗe, Dada

Assalamu alaiki wa rahmatullah, Dada.

Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci, na rubuto ne in ba ki labarin ƙafata, tunda kin tafi ba ki ga ƙarshenta ba.

Kin san yadda abin ya faru. Ana ruwa na tsallake kwata a bakin kasuwar Azare, sai na ji kamar an maka mini sanda a bayan diddige. Na waiwaya ban ga kowa ba. Ashe agarata ce ta tsinke. Labari na isa Giyaɗe kika hau mota da ƙullin kayanki. Kin so a kai ni wurin mai ɗori, amma da aka ce miki ba ƙashi ba ne, jijiya ce, sai an ɗinke, kika zauna a barandar asibiti da carbinki har aka fito da ni.

Washegari kika tsare likita da Hausarki mai gardin Fulatanci, kina so ki ji yadda abin da ya tsinke a cikin jiki zai koma ya haɗe. Ya ce shi bakin jijiyar biyu kawai ya haɗa, sauran aikin na jiki ne. Kumburin da kike gani, jini ne ya kawo wasu ƙananan ƙwayoyin halitta su share abin da ya lalace. Bayansu wasu za su zo su riƙa fitar da zare siriri, a cukurkuɗe, marar ƙarfi. Sai lokaci ya yi an fara taka ƙafar a hankali sannan zaren zai miƙe, ya jeru, ya yi ƙwari. Ya ce jijiya ba ta samun jini kamar tsoka, shi ya sa sai an yi watanni, kuma wanda ya yi gaggawar takawa yana iya sake tsinka ta. Kika ce kin gane.

Daga ranar kika zame mini mai gadi. Ko buta na miƙa hannu zan ɗauka sai ki riga ni. Ba ki taɓa faɗin sunana ba, saboda ni ne ɗan fari. "Kai wannan, zauna," shi ne abin da na fi ji daga bakinki a kwanakin nan.

Zainab matata ce ta fara lura da tarinki. Ta yi ta roƙonki ki ga likita tunda muna zuwa asibitin, kika ce sanyin damina ne, a bari ƙafata ta warke tukuna. Da gyaɗarki ta isa cira kika koma gida, kika ce ba za ki daɗe ba. Kawu Buba, ƙanenki, shi ya kira ni bayan la'asar ya faɗa mini kin rasu.

A bayan mota aka kai ni, ƙafa a miƙe cikin siminti. Ina ji ina gani wasu suka ɗauki makararki. Da aka zo sa ki a kabari, na saki ɗaya daga sandunan da nake dogarawa ina neman in sauka in karɓe ki. Kawu ya riƙe kafaɗata. Ya ce tun kina kwance kin bar masa saƙo: ko me zai faru, kada a bari yaron nan ya taka ƙafar nan. A nan na fashe da kuka a gaban mutane, Dada. Ban taka ba.

An cire simintin. Na sha wuya a wurin masu gashin ƙashi, ana lanƙwasawa ana miƙewa, ina cije leɓe. Yanzu ina tafiya babu sanda. Wurin ya fi na ɗaya ƙafar kauri, da safe yakan ƙage, kuma likita ya ce sabon zaren ba zai taɓa zama daidai da na asali ba, amma zai ɗauke ni.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Giyaɗe. Masu babur suka yi ta kirana a tasha, na ce su bar shi. Da ƙafata na je maƙabarta, na tsaya a kanki na daɗe.

Allah ya jiƙanki, Dada. Ya sa ciwon da kika ɓoye ya zama kaffara, ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanki na fari,
Sani,
daga Azare.