Allurar da Na Sa Miki Cikin Ambulan

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya. Babanki lafiya, sai gwiwa. Yayarki ta warke. Gwaggonki hawan jini ya motsa, ni kuma abinci ya ƙi wucewa, kuma duk ke ce sanadi.

Wasiƙarki sau uku na karanta, ina bi da yatsa kamar yadda aka koya mana a ajin manya. Kin ce a wurin aikinku kuna da fitila mai suna leza, mai harba hasken da ya fi na rana ƙarfi nesa ba kusa ba, har yana fizge wa ƙwayar zarra 'yan ƙananan abubuwan da ke kewaya ta. Na tambayi kawunki malamin makaranta mece ce zarra. Ya ce da ita aka yi komai, har tebur, har mutum. Na ce har 'yata? Ya ce har ita. To Auta, ta yaya hasken nan zai gane wace zarra ce ta aiki, wace ce taki?

Ga kuma hotonki da baƙin gilashi ya rufe rabin fuska. Na nuna wa mai walda na bakin layinmu. Ya ce rana ɗaya da ya yi aiki ba gilashi, kwana biyu ya yi kamar an zuba masa yashi a ido. Gwaggonki ta ce shi ke nan, ido ya tafi, ɓoye mana kike yi. Babanki ya ce ai ga shi kin rubuto. Na ce da inji aka buga, kowa ma zai iya buga miki.

Kada ki ce min lafiya lau a waya. Ranar da kika karya hannu ma haka kika ce. Na soke allura a jikin takardar nan, mafi ƙanƙanta a gwangwanin ɗinkina. Ki zura mata zare, ki ƙulla, ki dawo min da ita. Kada ki ba wani ya yi miki, na san ƙullinki na bahaguwa. Mu huɗu muka gwada a nan ba wanda ya iya, amma mu ba a kanmu ake magana ba.

Babanki, kawunki da mai walda suna gaishe ki. In allurar ba ta iso kafin ashirin ga wata ba, muna tafe ni da gwaggonki. Har ta haɗa jaka, ta ce a nuna mata makunnin fitilar kawai.

Taki har kullum,
Mamanki