Shekara Uku Kuka Ce wa Mahaifina

Zuwa ga mai girma Shugaban kwamitin da ke tura ɗalibai karatu ƙasashen waje, a nan Sakkwato.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya kai da iyali, sannu kuma da fama da jama'a.

Na san ba a saba ganin matar aure ta rubuta wa hukuma a bainar jama'a ba, ni ma ba da son raina na yi ba. Mahaifina dattijo ne, ya yi ta sintiri zuwa ofishinku cikin wannan zafin bazara, kullum sai a ce kana rangadi. Zuwansa na ƙarshe akawunku ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce masa, "Ana bisa dubawa, Malam, ku daɗa hanƙuri." Shi ya sa na ɗauki alƙalami da kaina, tunda aurena ne ake dubawar.

Ba zan kama sunan maigidana ba, ka san shi. Shi ne malamin makarantar da kuka tura Amirka ya karanto ilimin tattalin arziki, don in Turawa sun tafi a sami ɗan ƙasa da zai riƙe aikin.

Na ɗaya, bari in tuna maka yadda aka yi. Da maganar tafiyar ta taso, mahaifina bai yi na'am ba. Malami ne, ya sha raba gardamar matan da mazansu suka tafi fatauci ko Makka a ƙasa, aka bar su shekara da shekaru babu aure babu saki. Ya ce 'yarsa ba za ta shiga wannan layi ba. Kai da kanka ka zo zaurenmu don ka lallashe shi. Ina bayan ƙofar zaure, na ji da kunnena ya tambaye ka shekara nawa karatun zai ci, ka ce, "Shekara ukku na, Malam, ba ƙari. Haka anka tsara shi ko'ina." A kan wannan magana taka aka kira shaidu, maigidana ya ɗauki sharaɗi da bakinsa: daga Babbar Sallar da zai tashi, in ta uku ta zagayo bai dawo ba, al'amarina yana hannuna, in ga dama in zauna, in ga dama in saki kaina. Wannan Babbar Sallar da ke tafe ita ce ta ukun.

Na biyu. Sai cikin azumin da ya wuce ya aiko mini cewa ba zai dawo bana ba, karatun shekara huɗu ne. Ya ce makarantar tasu ƙarama ce, a wani ƙauye take, kuma tsarinta daban ne. Wai ba a barin ɗalibi ya kama fanninsa sai ya yi shekara biyu yana ɗanɗana kowane ilimi. Da ma na daɗe ina mamakin labaran da yake ba ni. Mutumin da aka tura koyon yadda ake tafiyar da dukiyar ƙasa, yau ya ce yana karanta tarihin mutanen da suka mutu tun kafin Annabi Isa, gobe ya ce lissafin taurari, jibi Faransanci. Har kwaɗo ya ce sun feɗe. Wata rana ma ya ce sai ya iya ninƙaya za a ba shi takardar gamawa, na ce to, ashe Gulbin Rima ma makaranta ne ba mu sani ba. Tattalin arzikin da aka tafi dominsa, sai bara na fara jin sunansa sosai.

Kada ka ɗauka raina ilimi nake yi. A gidan karatu aka haife ni. Da na karanta wa mahaifina wannan bayani, cewa ya yi shi bai ga abin mamaki ba, don a zaure ma babu wanda ake ba shari'a bai bi ta nahawu da lugga da hisabi ba. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne. Ya ce mini, "Ɗiyata, ni ba ni hwaɗa miki ki zamna ko ki tashi. Amma tsakanin mijinki da Shugaba, ɗaya ya yi muna ƙarya." Tun ranar wannan maganar ba ta bar kunnena ba.

Na uku, ga abin da ya sa nake zarginku, kuma ba zan ɓoye ba. Su biyu kuka tura rana ɗaya, jirgin ƙasa ɗaya suka shiga, karatu iri ɗaya aka ce za su yi. Ɗayan kun kai shi Ingila. Ga shi nan an ce ya gama, bana zai dawo, har an fara yaɓe da shafe a gidansu. Duk garin nan an san ɗan 'yar'uwar wani ne daga cikin 'yan kwamitinku. Zai iso daidai lokacin da ake shirin karɓar mulki, kujeru suna zaune babu kowa, shi kuwa maigidana sai baɗi, bayan an gama rabo. Ni mace ce a cikin gida, ban san aikin ofis ba, amma na san in an kasa abu biyu, wanda ya kasa ya san wanne ya fi tsoka. Ka san da shekara huɗun nan ranar da ka zauna a kan buzun mahaifina? In ka sani, me ya sa ka ce uku? In kuwa ba ka sani ba, yaya kwamiti zai tura ɗan mutane bayan teku bai tambayi ranar gamawa ba?

Na huɗu ya fi mini nauyin faɗa. Shi ma ina zarginsa. Duk ɗalibin da ya shiga makaranta, ai bai kamata ya yi wata guda bai san yaushe ake fita ba. Me ya hana shi faɗa mini tun shekarar farko? Amsarsa ita ce, ya so ya haɗa karatun cikin shekara uku ta hanyar zama a aji lokacin da sauran ɗalibai ke hutu, ya nemi izininku tun tuni, kuka ƙi, kuka ce tsari bai yarda ba. Ya ce ya yi ta sa rai za ku canza, shi ya sa ya ƙi tayar mini da hankali. Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma hoton da ya aiko ya zagaya unguwa kafin ya dawo hannuna, kowa ya ga maza da mata a aji ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, shi kuma ya yi ƙiba yana dariya. Matan da ke shigowa gaishe ni ba sa cewa komai, sai "Allah shi maido shi lahiya," da wata irin murya da na fi son zagi a kanta. Gwaggona kuwa ba ta da rufa-rufa, cewa ta yi, "Wa yag ga karatun da ka daɗuwa awa ƙullun waina? Wani abu na ya riƙe shi." Ina jin haushinta.

'Yarmu tana ciki ya tafi. Yanzu tana magana tar, kuma ƙanena take kira Baba.

Ranka ya daɗe, ga inda abin ya tsananta. Mahaifina ya bayyana mini cewa ranar da wa'adi ya cika, shaidun nan za su zo, kuma sai na yi magana. In na zaɓi zama, sharaɗin ya faɗi ke nan. Bayan haka ko huɗu ta zama bakwai ba ni da ta cewa. In kuwa na saki kaina alhali mutumin nan gaskiya yake faɗa, na zalunci wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, na raba yarinya da ubanta a kan laifin da ba nasa ba. Ina son mijina, ban ji kunyar faɗa ba. Amma ba zan yanke hukuncin da ba a warwarewa a kan jita-jitar tsakar gida ba, alhali amsar tana ofishinku.

Don haka ina roƙon abu uku, kuma ba kuɗi ko kujera a ciki. Ka faɗa a fili, yadda ka faɗi ukun a fili, ko karatun makarantar nan shekara huɗu ne ga kowane ɗalibi, ko kuwa shi kaɗai ne nasa ya yi tsawo. Ka faɗa ko ya nemi izinin karatu lokacin hutu, da wanda ya hana shi, da dalili. Sannan ka zo zauren nan da ƙafarka kafin watan layya ya kama, ka maimaita amsar a gaban shaidun da suka ji maganarka ta farko. Kada ka aiko akawu. Ba akawu ne ya yi wa mahaifina alkawari ba.

Allah ya ja zamaninka, ya kare ka daga ɗaukar haƙƙin wanda ba ya iya zuwa ofis, ya sa mulkin da za a damƙa muku ya zama alheri ga talakawa. Ka gafarce ni da addu'ata ta ƙarshe, don ita nake yi bayan kowace salla, kuma gara ka ji ta daga bakina: ina roƙon Allah ya sa kai ne ka yi mana ƙaryar.

Wassalamu alaikum.

Ni ce mai jiran amsarka,
Hafsatu, daga Tudun Wada, Sakkwato.