Mai Rawayar Hula a Bakin Ƙyaurena

Magangué, 19 ga Nuwamba

Zuwa ga 'yata Yuranis,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga ubanki Nemesio, wanda har yanzu yake numfashi duk da ƙoƙarin likitoci. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Wilfrido da tsohuwar da kike jinya a can Zaragoza. Allah Ya ƙara miki haƙuri da ita, ko da yake kin riga kin gama makarantar haƙuri a hannuna. Mu nan lafiya lau. Kogi ya cika har ya leƙo bayan kasuwa, amma bai shigo ba. Gwaggonki Nohemí ta sa sababbin haƙora, yanzu har karnuka take yi wa murmushi. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji uku ni da makaranta muka rabu, kuma babu wanda ya yi kuka a cikinmu.

Na san kin yi ta kira ban ɗauka ba. Wayar ba ta lalace ba, ni na sa gwaggonki ta yi miki wannan ƙaryar. Magana ce a bakina da ba ta faɗuwa a waya, don ko dai ki yi dariya ko ki yi kuka, ni kuwa ba na iya jure ko ɗaya daga nesa. Maganar compadre Filadelfo ce, wato aminina, ubanki na baftisma, Allah Ya ji ƙansa. Kin ji rasuwarsa, amma ba ki ji cewa ya rasu ba ma magana da juna ba.

Kin tuna halin da na shiga bayan rasuwar mahaifiyarki. Ba ci, ba fita, sai zama a kujerar lilo ina kallon bango, hawan jini yana ta hawa kamar an biya shi. Ke kika aiko mini da na'urar nan da wasan tsibirai, na ce ke dai kin raina ni, tsohon makaniken injin jirgin ruwa za ki ba abin wasan yara. To shekara shida ke nan, daga wasa na biyu da aka fitar muka koma na uku, ni da Filadelfo da Argemiro mai aski. Kowa da tsibirinsa, kowa da ɗan mutumensa da yake sarrafawa a cikin wasan. Ƙarfe huɗu na yamma, idan zafi ya sassauta, sai kowa ya kunna daga gidansa, mu tuƙa kwalekwale mu ziyarci juna, mu yi ban ruwa, mu kama kifin da ba ya ciyuwa. Daga nan ne muka koma haɗuwa a shagon Argemiro muna musu kan wanda ya fi iya noman ƙarya. Na koma cin rogo da kifi kamar mutum. Likita ya auna ni ya tambayi sabon maganin da nake sha, na ce masa kabewa nake shukawa a wani wuri da babu shi.

A tsibirina akwai wani mangwaro da na shuka tun farkon wasa na uku, na sa masa sunan mahaifiyarki, Edelmira. Kullum da shi nake fara ban ruwa, kuma kada ki faɗa wa kowa, ina yi masa magana. Ranar nan Filadelfo ya zo taya ni aiki, da ɗan mutumensa mai rawayar hula. Kin san hannunsa ya fara rawa. Maimakon ya ɗauki butar ban ruwa sai ya danno gatari. Sara uku, Yuranis. Ina kallo itacen ya kwanta. Ya kira ni nan take yana rantsuwa cewa yatsa ne ya zame, na ce masa yatsan nan bai taɓa zamewa ba idan za a ɗauki kwalba. Na kira shi makaho, ya kira ni tsohon jaki mai auren itace. Na rufe ƙyauren da ke bakin gaɓar tsibirina, na kashe na'urar, na jefa ta cikin durowa. Mako uku ban kunna ba, ban je shago ba, na koma kujerar lilo da bangona. A ƙarshen mako na ukun zuciyarsa ta tsaya yana shan kofi. Na je jana'iza na tsaya can baya kamar ɓarawo. Addu'ar kwana tara kuwa da aka fara ban leƙa ba, kunya ta hana ni haɗa ido da matarsa, Doña Temilda.

Rana ta uku da binne shi, gidan ya yi mini shiru da yawa, sai na ciro na'urar. Ƙarfe huɗu daidai ne. Ina tsaye kusa da kututturen mangwaron sai na hango kwalekwale yana tahowa a hankali. Ya tsaya a gaɓa. Mai rawayar hula ya sauko, ya tako har bakin ƙyaure, ya tsaya yana fuskantata, riƙe da wani abu a hannu biyu. Bai motsa ba. Rana ba ta faɗi ba, mai sayar da lemo yana ta kira a titi, amma ni sanyi nake ji har cikin haƙora. Na zauna ina kallonsa yana kallona har ƙarfe biyar ta buga, sannan ya juya ya shiga kwalekwalensa ya tafi. Washegari ma haka. Na kira Argemiro na ce ya tuƙo ya gani, ko idona ne. Ya tuƙo, ya hango shi daga tsakiyar ruwa, ya juya da gudun da bai taɓa yi ba. Ya ce shi aski ya iya, ba maganar matattu ba, kuma wanda ya rufe ƙofa shi ya san abin da ya rufe wa.

Haka muka yi ta yi kullum. Na ce ba zan kunna ba, amma huɗu na yi sai in ga hannuna ya ɗauko. Abin da ya fi damuna shi ne kin san ranar tara ake sauke teburin mamaci, a buɗe ƙofofi da tagogi a sallame shi. Kakarki takan ce wanda ya tafi da saƙo a hannu bai isar ba, ko an buɗe masa ƙofa ba ya fita. Ga kwanaki suna ƙarewa, ga mutum tsaye a ƙofata da saƙo, ni kuwa na kasa buɗewa don tsoro, na kasa kashewa don kunya.

Rana ta takwas na sa farar rigata na tafi gidansu. Teburin yana falo, da farin ƙyalle da kyandir da kofin ruwan da ake ajiye wa mamaci ya sha, da reshen ɗoɗɗoya a ciki. Ruwan ya yi ƙasa sosai. Kusa da kofin ga tabaransa, ga hularsa, ga kuma na'urarsa a jone da wuta. Doña Temilda ta dube ni sama da ƙasa ta ce ashe jakin ya san hanya. Ta ba ni kofi, sannan ta faɗa mini komai. Wai tun ranar da muka ɓata, compadre ya nemo ƙwallon mangwaro a wasan ya rene shi har ya tsiro. Kullum ƙarfe huɗu sai ya kai mini, ya tsaya awa guda a bakin ƙyaure ko da ba na nan, yana cewa jakin nan zai buɗe wata rana. Da hannunsa ya ƙi a makon ƙarshe, ita ya koya wa tuƙin. Shi ya sa ta ci gaba, don kada a sauke tebur da saƙo a hannunsa.

Na yi dariya har da hawaye, na ce ashe ita ce fatalwar da ta hana ni sukuni tun rana ta uku. Sai ta ajiye kofinta ta ce ba ta uku ba, ta biyar. Wai na'urar a mace take a kan teburin, sai ranar biyar ta gano wayar cajin a aljihun wandonsa. Yuranis, na ce miki aji uku na tsaya, lissafina ba abin dogaro ba ne. Na so in tsaya a kan haka. Amma Argemiro ya yi aji shida, kuma ranar huɗu ce ya juya kwalekwalensa.

Ranar tara na zo da tawa na'urar, muka zauna gaban teburin, ni da ita. Huɗu na yi na buɗe ƙyauren. Ta shigo da mai rawayar hula da kyar, tana buga shi da shinge, tana zaginsa kamar yadda ta saba yana da rai. Ya isa gefen kututturen ya dasa ɗan itacen. Na ɗauki buta, na duba sau biyu na tabbatar buta ce, na zuba ruwa. Na ce masa compadre na karɓa, kuma ni ne makahon. Doña Temilda ta ɗora na'urar a kan tebur ta rufe fuska da hannu biyu. A lokacin ne mai rawayar hula ya ɗaga hannu sau ɗaya. Argemiro ya ce haka suke yi idan an bar su tsaye. Shekara shida ina wasan nan ban taɓa gani ba, amma ban yi masa musu ba. Aka sauke tebur, aka buɗe ƙofofi, aka zubar da sauran ruwan a tsakar gida.

To ga roƙona. Kin ce za ki aiko mini da wasa na huɗu a Kirsimeti. Ki aiko biyu. Doña Temilda ta yi nata tsibirin da 'yar matarta mai koren ɗankwali, kullum tana faɗawa ruwa, kuma jiya na ji ta yi dariya. Kwalekwalen mai rawayar hula bai sake zuwa ba. Duk da haka na tumɓuke ƙyauren gaba ɗaya, don ban san wa zai zo da saƙo ba. Ke ma, duk ranar da na yi fushi na ƙi ɗaukar waya, ki ci gaba da kira, jakin yana buɗewa, sai dai yakan makara.

Ki gaishe mini da Wilfrido, ki ce ya rage cin burodi. Gwaggonki Nohemí tana gaishe ki da dukkan haƙoranta, Argemiro da Doña Temilda ma suna gaisuwa. Allah Ya tsare ki, Ya yi miki albarka. Zan tsaya nan, huɗu ta kusa, ɗan mangwaron ya yi ganye biyu.

Ubanki mai ƙaunarki,
Nemesio Barraza