Ba Inna Ce Ta Dafa Ƙwan Ba, Injin Babana Ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni mace ce, injiniyan lantarki na karanta, muna zaune a Gwammaja. Babana mai gyaran rediyo ne, tun shekarar da soja suka miƙa mulki yake da shago a Ƙofar Ruwa, a hannunsa na fara koyon wannan aiki. Da gyaran rediyo ya ja baya sai ya koma haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai, zanensa ne da kansa, yanzu guda goma sha bakwai ne a gidajen mutane.

Watan jiya ɗaya ya dafa ƙwai gaba ɗaya, saura kwana uku a ƙyanƙyashe. Na ƙungiyar matan unguwarmu ne, wata dattijuwa da muke kira Inna aka ba wa riƙo. Baba ya je ya duba, ya ce ita ta toshe kafar iska da kaya. Matan suka yi mata ca, har yau ko bikin suna ba ta zuwa.

Da aka dawo da injin gida na buɗe shi. Akwai wani ɗan makunni da muke kira rile, shi ke kunna hitar da ke ɗumama ƙwan ya kashe ta, na tarar ya narke ya manne, hita ta yi ta ci ba tsayawa. Na zauna na yi lissafi har sau uku, ƙarfinsa daidai yake da wutar da hitar ke ja, babu ko ɗan rara, ga zafin bazara, kuma babu fis ɗin da zai yanke wuta in zafi ya wuce ƙima. Wallahi sauran sha shidan ma lokaci kawai suke jira.

Na samu Baba bayan la'asar, na durƙusa na nuna masa takardar lissafin. Ko karɓa bai yi ba, ya ce ashe makarantar da ya kai ni tona masa asiri aka koya min. Umma kuma ta ja ni ɗaki ta ce idonsa ya fara rauni, wannan injin ne kaɗai ya rage da ake girmama shi a kai, in na buɗe baki a waje ba da yawunta ba.

Shekaranjiya ina shara na ga leda cike da manyan rile sababbi a ƙarƙashin gadonsa. Ke nan ya sani. Amma bai je gidan kowa ba, bai kuma ce min komai ba.

Jiya Inna ta tare ni a lungu ta riƙe hannuna, ta ce, “'Yata, ki roƙar min babanki gafara, na lalata masa inji.”

In bi gidajen in gyara a ɓoye? To ita Inna fa, wa zai wanke ta? Ko in faɗi gaskiya in kunyata mahaifina a unguwar da aka haife shi? Ku faɗa min, ya zan yi?